Daɗin zikiri ya ɗauke bayan wata uku, ko baya na ci?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce wata uku ke nan kana zaman zikiri da tafakkuri bayan Asuba, da farko har hawaye kake yi, yanzu kuwa zuciya ta bushe ƙamas, da ka rufe ido sai lissafin bashi da rigimar jiya su taso maka. Ni ba malami ba ne, amma na shekara tara ina wannan zama, kuma bushewar nan ta sha ziyartata.

Abin da ka ɗanɗana da farko, malaman tasawwufi suna ce masa hali. Baƙo ne, ba ka gayyace shi ba ya zo, ba zai yi maka sallama ba in zai tafi. Wanda ake samu da gumi ya zauna daram, kamar tuba da haƙuri, shi suke kira maƙami. Kuma ƙorafin da kake yi, sahabi ya riga ka. Imam Muslim ya ruwaito cewa Hanzala ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa shi fa ya zama munafuki, domin a gaban Manzon Allah (SAW) kamar yana ganin wuta da aljanna da idonsa, amma da ya koma cikin iyali da dukiya sai ya manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai maganar, Annabi ya ce musu da za su dawwama a kan wancan yanayin, da mala'iku sun yi musabaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, sai dai lokaci da lokaci ne. Har sau uku ya faɗa.

Batun tunanin da ya yi maka yawa kuwa, ban yarda ƙaruwa ya yi ba. Dama can yana nan. Ƙurar ɗaki ba a ganinta sai rana ta leƙo ta taga. A 2010 wasu masana biyu na jami'ar Harvard a Amurka sun bibiyi mutum 2,250 ta wayar hannu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da ke ransu. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da ke gabansu. Kai dai yanzu ka fara kama shi yana sulalewa. Wannan ɗan lokacin da ka farga cewa harshenka na motsi, yatsa na jan carbi, amma zuciya ta tafi wajen wanda ya ci maka mutunci shekaranjiya, ka dawo da ita, to shi ne aikin kansa. Ko sau arba'in ta gudu a zama ɗaya, sau arba'in ka dawo da ita. Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, shi ma faɗan wata tafiyar ce.

Bari in ba ka labarin wautar da na yi. A shekarata ta biyu, da daɗin ya ɗauke, sai na ɗaura ɗamarar kamo shi da ƙarfi. Na mayar da barcina awa uku, zaman ya koma awa biyu. Bayan mako uku na fara ganin wani haske-haske in na rufe ido, kunnena na ƙara, jikina kamar ba nawa ba. Na ce shi ke nan, buɗi ya zo. A gida kuwa na zama wuta, ko tari yaro ya yi sai na daka masa tsawa wai yana ɓata mini zikiri. Na je wurin wani dattijo ina ba shi labarin hasken da ɗoki. Bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Awa nawa kake barci?" Na faɗa masa. Ya ce, "Je ka yi barci. In ka tashi ka tambayi mai ɗakinka ko ta ga hasken nan a halinka." Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga nan na koma minti 20, ba na ƙarawa ko da daɗi ya zo, ba na ragewa ko zuciya ta zama dutse. Ina zama da baya a miƙe, don in na jingina barci ke ɗaukata. Kafin in fara, nakan ja numfashi a hankali, in sake shi ya fi jan tsawo, kamar sau goma. Wannan ba wani sirri ba ne, sakin numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Sannan kalma ɗaya nake riƙewa, ba na tsalle daga wannan zuwa waccan don neman wadda za ta sa ni kuka.

Ranar da na san wani abu ya canza, ba a kan darduma nake ba. Ɗana ne ya ture kofin ruwa a kan takardun da na kwana ina cikewa. Na ji zafin ya taso daga ciki, ya hau ƙirji, ya iso maƙogwaro, kuma na gan shi yana tahowa kafin ya zama magana. Yaron ya riga ya runtse ido yana jiran tsawa. Na ce masa ya kawo tsumma. Shekara huɗu ke nan da fara zamana a lokacin. Imam Gazali ma da ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 don ya keɓe ya gyara zuciyarsa, sai da ya kwashe kusan shekara 11 kafin ya koma karantarwa a Naisabur. Wata uku ko ɗumi ba ka yi ba.

Abu ɗaya dai ba na wasa da shi. Idan zaman ya fara tayar maka da firgici, ko tsohon ciwon rai ya dawo ya hana ka barci, ko ka fara jin muryoyi, ka dakata ka ga likita, kada wani ya ce maka alamar kaiwa wani babban matsayi ce. Masu bincike a jami'ar Brown sun tattara irin waɗannan matsaloli daga mutanen da suka daɗe suna zaman nutsuwa, ba sababbin shiga kawai ba.

Yanzu ka faɗa mini, awa nawa kake barci, kuma minti nawa kake zama?