Kada Ka Taɓa Lambobin, Ɗakin Ne Da Zafi

Ɗana, na ga takardar da ka bar mini. Ka ce ka saki ƙwallon boris mai faɗin milimita 2 a cikin bututun gilisarin, ruwan nan mai kauri kamar zuma, ya sauka santimita 20 cikin daƙiƙa 9.6, ka buga lissafi kaurin ruwan ya ba ka 0.68, alhali littafi ya ce 1.41. Kana tambaya a ina ka kauce, kuma ko ka ɗan gyara lokutan su dace da littafi kafin ɗalibai su shigo. Kada ka taɓa ko lamba ɗaya. Na bi lissafinka da biro, lafiya lau yake.

Fara da sanin abin da ke faruwa a cikin bututun. Nauyin ƙwallon yana jansa ƙasa. Ruwan yana tallafe shi gwargwadon nauyin ruwan da ya ture ya shiga wurinsa. Sannan kaurin ruwan yana riƙe shi, kuma gwargwadon saurinsa gwargwadon ƙarfin riƙon. Da ka sake shi sai ya yi ta ƙara sauri har riƙon da tallafin su yi kunnen doki da nauyin, daga nan ba ƙari ba ragi. Wannan tsayayyen gudun shi muke aunawa. George Stokes, ɗan ƙasar Ailan da ya koyar a Jami'ar Kambirij ta Ingila, shi ya fitar da ƙa'idar a 1851, lokacin da yake binciken yadda iska ke rage wa lilon agogo ƙarfi. Ga ta:

η = 2r²g(ρ₁ − ρ₂) ÷ 9v

A nan η kaurin ruwan ne, v tsayayyen gudun, ρ₁ da ρ₂ nauyin ƙarfe da na gilisarin a kowace mita kubik, r kuma rabin faɗin ƙwallon ne, wato mita 0.001. Nauyin ƙarfe a kowace mita kubik kusan kilo 7,800 ne, na gilisarin kusan 1,260, ka debe ya rage 6,540. Shi g, wato ƙarfin jan ƙasa, 9.8 ne. Ka ninka na sama da juna ka raba da 9, za ka samu 0.0142. Gudun kuwa mita 0.2 raba 9.6, wato 0.0208. Raba na farko da na biyu, ga 0.68 ɗinka. Na ji daɗi da ka sa rabin faɗi. Mafi yawan ɗalibai cikakken faɗin suke sakawa, tunda kuma ana ninka shi da kansa, amsarsu takan fito ninki huɗu.

To ina sauran ya tafi? Koma ka duba saman jadawalin littafin da kyau. An rubuta digiri 20. Na tsoma ma'aunin zafi a bututunka, 30 ya nuna. Gilisarin ba ya son zafi ko kaɗan: kaurinsa a digiri 20 kusan 1.41 ne, a 30 ya faɗo 0.61, a 40 kuwa 0.28. Ka ga digiri goma kacal sun cinye fiye da rabi. Kowane bakanike ya san wannan da hannunsa, baƙin man da ya zubo da ƙyar daga galan da sanyin safiya shi ne ke fitowa a tsinke idan inji ya ɗau zafi. Waɗanda suka tsara jadawalin nan ɗakunansu ba sa nisa da digiri 20. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato, a watan Afrilu zafin rana yakan haura 40, a tsakiyar hunturu kuma da asuba ya sauko ƙasa da 20. Ruwa ɗaya, bututu ɗaya, sai ka samu amsar da ta ninka wata har sau huɗu ko biyar tsakanin Janairu da Afrilu. Saboda haka lambar kauri da ba a rubuta zafinta a gefe ba, ni ba na karɓarta a wurin kowa. Ka auna zafin ruwan kansa, kafin gwaji da bayansa. Kada ka rungumi bututun da tafin hannu, kada kuma ka ajiye shi bakin taga inda rana ke bugawa.

Saura ɗan bambancin da ke tsakanin 0.68 da 0.61. Wannan aikin bango ne. Stokes ya yi lissafinsa ne a kan ruwan da ba shi da iyaka, namu bututun kuwa faɗinsa santimita 4 ne. Ruwan da ƙwallon ke turewa dole ya matsa ta tsakaninsa da gilashi ya koma sama, wannan matsin yana rage masa gudu, sai ruwan ya yi kamar ya fi yadda yake kauri. Gyaran da muke amfani da shi na Ladenburg ne: raba rabin faɗin ƙwallo da rabin faɗin bututu, ka yi sau 2.4, ka ƙara 1. Naka milimita 1 raba 20, ya ba da 0.05, sau 2.4 ya zama 0.12. Gudun ka yi shi sau 1.12, ya koma 0.0233. Sake rabawa, 0.61. Ka ga ashe kana kan daidai tun farko.

Yanzu aikin hannu, wanda littafi ba ya tsayawa a kansa. Ka goge ƙwallon tas, ka jiƙa shi da gilisarin a ɗan faranti kafin ka sake shi. Busasshen ƙwallo yakan tafi da ɗan kumfa manne a gefensa, idan ka kawo ido kusa za ka gan shi yana ƙyalli, kuma wannan ɗan kumfan ya isa ya rage masa gudu. Ka ɗauke shi da hantsaki, ka sake shi dab da saman ruwan, a tsakiya cif. Cikin robobin da ake ɗaura wa bututun don alama, ta farko ka sauke ta kamar santimita 5 zuwa 10 daga sama, ta ƙarshe kuma kada ta kusanci gindin bututu. Idan kana so ka tabbatar gudun ya tsaya, sa roba ta uku a tsakiya. Lokacin rabin sama da na rabin ƙasa su zo ɗaya. Idonka ya yi saiti da robar lokacin danna agogo. Ƙwallayen da suka taru a ƙasa, jawo su da mayen ƙarfe ta jikin gilashi, sannan ka bar ruwan ya natsu.

Kada ka ga manyan ƙwallaye sun fi sauƙin gani ka koma gare su. Ƙa'idar tana aiki ne muddin ruwan na zagaye ƙwallon a hankali ba tare da ya hautsine a bayansa ba. Lambar Reynolds, wadda ke kwatanta ƙarfin tafiyar ruwa da kaurinsa, ita ke nuna haka, kuma ana so ta zauna ƙasa da 1 sosai. Taka kusan 0.1 ce. Shi ya sa ba a wannan gwajin da ruwan famfo, wanda kaurinsa kusan 0.001 ne, ƙwallon zai kai ƙasa kafin yatsanka ya danna agogo.

Abu guda da ke damuna shi ne buɗaɗɗen bututu. Gilisarin yana shan laimar iska, musamman da damina. Ruwa kashi 5 cikin 100 ya isa ya sauke shi daga 1.41 zuwa kusan 0.52 a digiri 20. Ka toshe bakinsa duk lokacin da aka tashi.

Gobe ka ɗauko ƙwallaye masu faɗin milimita 1.5 da 2 da 2.5 da 3, ka auna kowanne da maikiromita, ma'aunin faɗin ƙananan abubuwa, ta fuskoki daban-daban, ka saki kowane girma sau biyar. Ka zana gudun da ka gyara a gefe ɗaya, r² a ɗaya gefen. Layin ya kamata ya miƙe ya bi ta sifili, daga gangarensa za ka fitar da kauri. Yi zagaye ɗaya da safe, ɗaya bayan azahar, ka rubuta zafin kowanne, ka kawo mini takardun biyu mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.