Wai da gaske akwai gari mai sunan da ya cika allo kaf?

Tambaya daga wani ɗalibi a Tawa: Malam barka da aiki. An turo min hoton wata tashar jirgin ƙasa, sunan garin ya yi tsawo har ya cika allon kaf, ko numfashi ba ya isa a karanta shi. Abokaina sun ce haɗi ne na kwamfuta. Da gaske ne akwai garin? Kuma mi ya sa mutane ke sa ma garinsu suna na ban dariya?

Amsa: Yawwa ƙanena, barka kadai. Ka gaya ma abokanka ba haɗi ba ne, garin yana nan a yankin Wels na Birtaniya, cikin tsibirin Anglesey, sunanshi Llanfairpwllgwyngyllgogerychwyrndrobwllllantysiliogogogoch, baƙaƙe 58 cif. A harshensu jimla ce guda mai ma'ana, tana kwatanta cocin Maryama da ke cikin kwarin wani farin icce kusa da inda ruwa ke juyawa da ƙarfi, da wani coci na biyu kusa da jan kogo. Amma fa tun asali ba haka yake ba, gajere ne, a ƙarni na 19 ne aka ƙara mishi tsawo da gangan don baƙi su riƙa tsayawa a tashar, kuma dabarar ta ci, tunda ga shi hoton ya iso har Tawa. Su mutanen garin ba sa wahalar da bakinsu, Llanfair PG suke rubutawa su wuce.

Akwai ma wanda ya fi shi. A Niyuzilan wani tudu ne da bai wuce mita 305 ba amma sunanshi baƙaƙe 85 a harshen Mawori, yana farawa da Taumata, kuma labari ne sukutum: ƙololuwar da Tamatea mai manyan gwiwoyi, mai hawan duwatsu, ya busa ma masoyinshi sarewa. Bankok ma da muke ji, 'yan Tailan Krung Thep suke ce mata, cikakken sunan kuwa kirari ne irin na sarakuna, birnin mala'iku, birni mai girma, kaza da kaza, har baƙaƙe 168 in an rubuta da boko. Mu da muka tashi muna jin maroƙa a ƙofar sarki wanga ba baƙon abu ba ne gare mu. Sai kuma ɗaya gefen, a Faransa cikin yankin Somme akwai ƙauye sunanshi Y, harafi ɗaya tak, a Norwe kuma akwai Å wanda ma'anarshi rafi.

To yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi min daɗi. Abin da na lura da shi cikin karantar da labarin ƙasa shi ne, da wuya ka samu mutanen da suka zauna suka zaɓi sunan da za a yi musu dariya, yawanci sunan lafiyarshi lau a gida, kunnen baƙo ne ke jin wani abu daban. Ɗauki Hell na ƙasar Norwe kusa da Trondheim, mai jin Ingilishi yana gani zai ce jahannama, har ya sauka daga jirgi ya ɗauki hoto, alhali a tsohon harshensu kalmar tana nufin kogo ko dutsen da ya yi rumfa. Ku da kuka yi lakkwal da Faransanci kuwa ga naku: akwai Vatan a Faransa, wanda a kunne kamar an ce ma tashi ka ba mu wuri, da Arnac-la-Poste wanda ke fita kamar an ce a damfari gidan waya, alhali zangon da ake canza dawakan saƙo ne a da. Irin garuruwan nan na Faransa har ƙungiya suka kafa a 2003, ta masu sunaye na ban dariya, suna haɗuwa suna biki suna saida kayan garinsu. A Amurka akwai Boring a jihar Oregon, wato mai gundura, amma sunan wani mutum ne William Boring da ya zauna wurin, a 2012 suka ƙulla zumunci da ƙauyen Dull na Sikotlan wanda shi ma haka sunanshi ke fita a Ingilishi.

Wani lokaci abin yana wuce wasa. Wani ƙaramin ƙauye a Ostiriya, mutanenshi ba su fi ɗari da 'yan kai ba, sunanshi ya yi daidai da wata ashar ta Ingilishi da ba zan rubuta ba, shekara da shekaru baƙi na zuwa suna cire allon garin suna tafiya da shi, ana sake sayen wani da kuɗin talakawa, har suka gaji suka maida shi Fugging daga 1 ga Janairun 2021. Ni wallahi tausayi suka ba ni, suna ne da kakanninsu suka ɗauka ɗaruruwan shekaru, dariyar wasu ta raba su da shi.

Waɗanda suka yi da gangan kaɗan ne. Na Wels ɗin nan, sai wani gari a jihar Niyu Meziko da ake kira Hot Springs, a 1950 mai wani shirin rediyo ya yi alkawarin zai zo ya yi shirin a garin da ya fara ɗaukar sunan shirin, suka yarda, har yau sunansu Truth or Consequences, kamar ka ce faɗi gaskiya ko ka ɗanɗana kuɗarka.

Amma ƙanena kar ka tsaya kallon na nesa kawai, duba namu. Kamaru da ke nan kusa da mu, Turawan Fotugal ne suka iso bakin kogin Wuri a 1472 suka tarar da jatan lande birjik suka ce kogin jatan lande, daga nan sunan ƙasa guda ya fito. Nan Yamai akwai unguwar Bukoki, akwai Wadata, akwai Harobanda da ke nufin ƙetaren ruwa da Zabarmanci, akwai ma unguwar da ake ce ma Pays-Bas, baƙo zai ɗauka Holan ake nufi alhali kwari ne kawai. Kai kuma a jiharku ga Bagaruwa, ga Tumfafi wajen Madawa, ga Badagishiri da duk mai jin Hausa in ya ji sai ya yi murmushi. Dogon Dutsi in ka fassara ma Bature ba abin da ya raba shi da irin sunayen da muke ma dariya. Ka san irin yadda Turawa ke ambaton Tumbuktu in suna nufin ƙarshen duniya, wasunsu ma ba su san gari ne na gaske ba, garin malamai da littattafai.

Sunayen nan namu kowane yana riƙe da wani abu, icce ne da ke wurin, ko rijiya, ko mutumin da ya fara saran daji, shi ya sa Gidan wane da Garin wane da Zangon wane suka yi yawa. Sau da yawa bagaruwar ta mutu, rijiyar ta ƙafe, sunan ne kaɗai ya rage yana shaida. Abin da ke damuna shi ne tsofaffin da suka san dalilin suna ta tafiya ba a rubuta ba, shi ya sa nake roƙon ɗalibaina in sun je hutu ƙauye su zauna da kaka ko maigari ko liman su tambaya, su rubuta ko su naɗa a waya, ko da riwaya biyu aka ba su su ajiye duka biyun kar su zaɓa.

Ga kuma matsalar rubutun Faransawa da ya murɗe sunayen har mai su ba ya gane su a takarda. Tawa ta koma Tahoua, Tasawa ta koma Tessaoua, Dogon Dutsi aka haɗe shi Dogondoutchi, Ƙonni ta rasa ƙugiyarta. Don haka in za ka nemi wani gari namu a taswirar waya, rubutun Faransanci za ka sa, Gidan Rumji sai ka buga Guidan Roumdji, Badagishiri kuma Badaguichiri.