Maganin feshi da aka samo daga bakteriya, yana aiki kuwa?

Malam, ka ce mai shagon maganin gona ya nuna maka wani na feshi wai daga bakteriya aka samo shi, kana tambaya ko zai yi wa shinkafarka ta Dadin Kowa amfani. Eh yana yi, ba yaudara ba ce. Bakteriyar cikin ƙasa dama kullum faɗa suke da fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, sai suna fitar da wasu sinadarai don kashe shi, su ɗin ne masana suka tato. Akwai kasugamycin da aka gano a Japan a 1965 daga wata bakteriya dangin Streptomyces, kuma takanas saboda cutar shinkafa ake amfani da shi, wannan da za ka ga tabo a ganye kamar ido, tsakiya toka-toka gefe ja-ja, in ta kama wuyan zangarniya sai ta bushe ta yi fari fat ba ƙwaya. Akwai kuma wata bakteriyar, Bacillus subtilis, ita da ranta ake fesawa, sinadaranta irin su iturin huda fatar fangas suke yi.

Amma fa rigakafi ne, ka fesa da wuri tun tabon bai bazu ba, da yamma in rana ta yi sanyi, kuma kar ka bar robar cikin zafin ranar nan tamu ta Gombe. Waɗannan biyun da na ambata ba sa kashe tsutsa ko ƙwari. Duba lambar NAFDAC a jiki. Don Allah kar ka bi masu fasa kafso na mutane suna zubawa a tankin feshi, wannan ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai yake, ranar da yaro ya kwanta maganin ya ƙi ci.