Ƙanenki ba sharar keji kawai zai yi ba

Wa alaikumus salam. Malama, kin ce ƙanenki ya samu gurbin karatun fasahar ɗakin gwaje-gwaje, kuma yana sha'awar aiki a inda ake ajiye dabbobin bincike, amma 'yan uwa na cewa a kwasar kashin ɓera zai ƙare. Na daɗe ina wannan aiki, don haka bari in faɗa miki yadda yake.

Kwasar kashi kam akwai ta. Za a canza dusar katako, a wanke keji, a dafa kwalaben ruwa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Sai dai mai bincike yakan leƙo ne ranar allura ko ranar ɗibar jini. Sauran ranakun, har da ranar Sallah, mu ne da dabbar. Shi kuwa ɓera ɓoye ciwonsa yake yi. Sai wanda ya saba da shi zai lura gashinsa ya tashi, ya takure a kusurwa, ya ƙanƙance ido, ruwan kwalbarsa bai ragu ba tun jiya. In ka gani ka rubuta da ranar da sa'ar, ka kira likitan dabbobi. Wannan rubutun shi ne abin da mai bincike zai dogara da shi daga baya.

Ɗakin ma ba a barinsa kara zube. Haske awa 12, duhu awa 12, zafi kuma ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 24. Ki duba yanayin wutarmu. Na ga aikin wani ɗalibin digiri na uku ya rushe a watan Afrilu, saboda na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ranar Asabar kuma babu mai tada janareta. Ɓerayen da suka rayu ma sun daina cin abinci, awonsu ya tashi a banza. Har yau abin na min ciwo, don dabbobin sun wahala ba tare da an ƙaru da komai ba.

Wuraren aiki akwai su. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tun 1924 take, kuma ta taka rawa a yaƙi da bushiya, cutar shanun da aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Riga-kafin cutar Newcastle ta kaji a cikin ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11 ake renon ƙwayarsa, kuma ma'aikacin fasaha ne ke haska kowane ƙwai a duhu ya ga jijiyoyin jini, ya ware matacce. Ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ga cibiyar binciken tsando da sammore a Kaduna, ga jami'o'i.

Wahalarsa ma gara ya sani tun yanzu. Albashin ba mai yawa ba ne, kuma ba kasafai ake sa sunanmu a takardar bincike ba, abin da nake gani rashin adalci ne. Sannan akwai ranar da za a kashe dabbar da ka rena da hannunka, kuma dole a yi shi da sauri ba tare da azabtarwa ba.

Ki ce masa ya nemi yin aikin koyon sana'a a irin waɗannan wurare, ya yi allurar tetanus, kuma kada ya shiga ɗaki ba safar hannu da takunkumi, don ƙurar keji na jawo wa wasu asma.