Wane irin gidan katako ya dace da ɗan kunkuru a cikin ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na saya wa 'yata ɗan kunkuru a kasuwa, bai wuce tafin hannun yaro ba, launinsa kamar na rairayi. A gidan haya muke a Kano, hawa na biyu, ba mu da tsakar gida. Yanzu dai yana cikin kwali. Ina so in sa kafinta ya haɗa masa gida na katako mai gilashi a gaba mu ajiye a falo. Wane girma zan ba shi, wane katako za a saya, kuma me zan zuba a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, ɗauke shi ka duba ƙafafunsa. In na gaba suna da manyan ɓawo masu tsini, na baya kuma dunƙulallu ne, sannan akwai ƙaya biyu ko uku a bayan kowace cinya, to babban kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira sulcata. Yadda ka kwatanta launinsa, shi nake kyautata zato, kuma a kansa zan yi bayani. In kuwa ƙoƙon bayansa shafaffe ne, akwai fata tsakanin yatsunsa, yana lanƙwasa wuya gefe guda idan ya ji tsoro, kififiya ka sayo. Ita rayuwarta a ruwa take, akwatin katako ba zai yi mata ba.

Wannan ɗan abin da ke tafin hannunka shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji idan ya ƙosa yakan wuce kilo 50, tsawonsa ya kai santimita 70 ko fiye, kuma yana iya yin shekara 70 a duniya. Saboda haka akwatin da za a haɗa masauki ne na shekara biyu, in ta yi yawa uku. Ka sa wannan a ranka tun yanzu, kada ka kashe kuɗi wajen ado.

Maganar gilashi, a bar ta. Kunkuru bai san gilashi ba. Muddin yana hango waje zai yini yana tura shi da kai yana karta da farce, bai huta ba bai ci abinci yadda ya kamata ba. Bango huɗun duka su zama katako, saman kuma a buɗe. In akwai kyanwa ko ɓera a gidan, a yi masa murfin raga, domin ɓera yana gurgurar ɗan kunkuru da dare, ƙoƙonsa bai yi ƙwarin da zai kare shi ba tukuna. 'Yarka za ta riƙa kallonsa daga sama, ya ma fi mata.

Faɗi ake nema, tsawo zuwa sama bai da amfani. Mafi ƙanƙanta shi ne ƙafa 4 da ƙafa 2. In falon zai ɗauka, a yi ƙafa 6 da 3. Bangon ya kai inci 16 zuwa 18, yadda bayan an zuba ƙasa za a samu kamar ƙafa guda ta rage a sama. A kowace kusurwa kafinta ya buga ɗan katako mai kusurwa uku ya rufe saman, don a nan suke tokare ƙafa su hau, su faɗo da baya. Kunkurun da ya kife a ƙarƙashin fitila mai zafi babu kowa a gida yana iya mutuwa kafin a dawo.

Filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu za a sa a ƙasa, na rabin inci ya isa a bango. Kada a yarda da katakon nan na matsattsen gari da ake yin durowa da shi, ruwa na taɓa shi yake kumbura ya ruguje. A ƙarƙashi a gicciya katakon tu-bai-tiri (mai inci 2 da 3) aƙalla uku, a yi masa gajerun ƙafafu masu ƙwari ya tashi daga sanyin siminti. Mutane suna raina nauyin ƙasa. Zurfin inci 4 kawai a cikin ƙaramin akwatin zai kai nauyin buhun siminti biyu, don haka a zaɓi inda zai zauna tun kafin a cika shi.

Ga inda nake so ka tsaya a kan kafintanka. Kafintocinmu sun saba shafa wa katako baƙin mai ko maganin gara, kuma a rufin ɗaki hakan daidai ne. A nan guba ne. Dabbar da hancinta ke manne da ƙasa dare da rana, duk abin da katakon ya fitar shi take shaƙa. Ka ce a bar shi fari yadda yake. In za a shafa banish, a nemi irin wanda ake sirkawa da ruwa, a bar akwatin a inda iska ke kaɗawa mako ɗaya zuwa biyu, sai ka sa hanci a ciki ba ka ji komai ba. Daga nan a shimfiɗa ledar tsakar ɗaki ko tamfol mai kauri a ciki, ta hau bango ta ɗara inda ƙasa za ta tsaya, a danne bakinta da siririn katako yadda ba zai samu wurin ja da baki ba.

Abin da za a zuba a ciki shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ana cewa ai dabbar hamada ce, a zuba mata busasshen yashi. Gaskiya ne asalinsa gefen Sahara ne, daga Senegal da Mali, ta Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Amma a can ba a kan rairayi yake yini ba. Rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, ya shige inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ya fito kiwo da sassafe da yamma. Ƙananan kuma a wajajen damina suke ƙyanƙyashewa, su fara rayuwa cikin lema da ɗanyar ciyawa. Idan aka rene shi a busasshen wuri, jikinsa yana rasa ruwa a hankali, sai ka ga kowane gida na ƙoƙon bayansa yana tasowa tsororo maimakon ya kwanta sumul. In ya riga ya taso haka ba ya komawa.

Saboda haka ka samo ƙasar lambu wadda ba a sa mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, ka tankaɗe tsakuwa da guntayen leda, ka gauraya da ɗan yashi kaɗan. Zurfin inci 4 zuwa 6, don ya samu abin tonawa. Yashi zalla yana shiga ido, in ya haɗiye shi da abinci kuma ya toshe hanji. Dusar katako irin ta gidan kaji ma ba ta yi ba, ƙura gare ta. A gefe ɗaya na akwatin ka kifa rabin tukunyar ƙasa, ka binne bakinta kaɗan, ka riƙa yayyafa wa ƙasar cikinta ruwa. Gwajin shi ne ka damƙi ƙasar: ta dunƙule a hannunka amma ruwa bai ɗiga ba. Wannan tukunyar ita ce raminsa. Kusa da ita a binne ɗan kasko marar zurfi na ruwan sha, bakinsa daidai da ƙasa, wanda zai iya shiga ya fita da kansa.

Ɗaya gefen kuma na ɗumi ne. Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya je wurin zafi ya ɗauka, ya koma inuwa ya huce, shi ya sa akwati mai nisa tsakanin gefe biyun ya fi. A ƙarƙashin fitila ana son digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyos, can wajen tukunya 25 zuwa 28. Kwan da zai yi wannan aiki shi ne tsohon irin nan mai zafi ko halojin, na LED haske kawai yake bayarwa. A rataye shi kamar ƙafa guda daga saman ƙasar akwatin, da mariƙi na tangaran, a ɗaure shi tamau nesa da katako da leda saboda gobara. Ka sayi ma'aunin zafi, hannu ba ya faɗin gaskiya. A Kano daga Maris zuwa Mayu da wuya ka bukaci fitilar. Hunturu ne abin tsoro, lokacin da dare kan sauko ƙasa da digiri 15, shi kuwa ɗan kunkuru ba a son ya kwana ƙasa da 22. In aka ɗauke wuta, ka cika gora da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a jikin tukunyar, ka lulluɓe rabin akwatin da bargo. Kada a kai masa gawayi.

Fitilar ɗumi ba ta maye gurbin rana. Akwai wani sashe na hasken rana, UVB, wanda da shi fatarsa ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin ne kuma jiki ke ɗaukar kalsiyam ya gina ƙashi. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. In babu shi ƙoƙon yana yin laushi, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Masu kiwo a Turai kwan UVB suke saya da tsada suna canza shi duk wata 6 zuwa 12. Kai Allah ya hore maka rana kyauta. Fitar da shi baranda da hantsi, minti 30 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, a cikin baho mai faɗi da aka rufe rabinsa don inuwa, kuma wani babba ya zauna kusa. Roba a rana tana zafi da sauri, ga shaho da hankaka. Kullum da safe kuma a tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15, ruwan kada ya kai hancinsa. A nan yake sha, yawanci a nan yake kashi, akwatin ma sai ya daɗe da tsabta.

Ka ce falo za a ajiye shi. Ya zama nesa da na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk ranar da za a fesa maganin sauro ko a sa turaren wuta, a fitar da shi sai ɗakin ya sha iska.

Abincinsa ciyawa ce, ita ce kaso mafi yawa, ɗanya ko busasshiya, daga inda ba a yi feshi ba. A ƙara da ganyen rama, ɗan zogale, ganyen kabewa. Ban da tuwo, shinkafa, burodi da wake, ko da ka ga yana ci. Sau biyu a mako a barbaɗa masa ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. A zuba abincin a kan faffaɗan dutse, yana rage masa tsinin baki.

Game da yarinya, kunkuru yakan ɗauki ƙwayar salmonela ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ita kuma tana sa yara gudawa da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa shi ko ƙasarsa ya wanke hannu da sabulu, kada a wanke kaskonsa inda ake wanke-wanke, kuma in 'yarka ba ta kai shekara 5 ba, ta tsaya a kallo.

Tun yanzu ka fara magana da wani a gidanku na gado ko ɗan'uwa mai tsakar gida, inda za a keɓe masa fili mai katanga da harsashi mai zurfi, don yana haƙa ya bi ta ƙarƙashi. Idan ya koma can, ina roƙonka kada a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaure shi da igiya kamar yadda ake yi a wasu gidaje, ƙashi ne mai rai mai jijiyoyi, yana jin zafi. Kuma kada a sake sayo wani don a yi masa aboki. Shi kaɗai yake rayuwa, maza biyu faɗa suke yi, sannan irinsa yana cikin jerin dabbobin da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa, kamun da ake yi musu daga daji don sayarwa na daga cikin dalilan. In ka ga kumfa a hancinsa, ko ido ya kumbura, ko ya yi kwanaki bai ci ba, ka kai shi asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba.