Tambaya da Amsa: Wai da gaske Bluetooth sunan sarki ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a raba mana gardama. A majalisarmu akwai wani abokinmu mai gyaran waya, yace wai Bluetooth ɗin nan da muke tura karatu da waƙoƙi dashi sunan wani sarki ne da ake kira Harald. Ni kuma nace masa ai Harald sarkin Norwe ne na zamanin nan, na taɓa ganinsa a labarai ranar bada kyautar Nobel ta zaman lafiya, ban ga abinda ya haɗa shi da waya ba. Waye mai gaskiya a cikinmu, kuma meye ma'anar sunan? Nagode.
Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai da abokinka duk kuna da gaskiya, sai dai kowa da Harald ɗin da yake nufi, kuma tsakanin mutanen biyu akwai kusan shekara 1000. Harald tsohon sunan maza ne a ƙasashen arewacin Turai, wato Norwe da Denmak da Suwidin, ma'anarsa mai jagorantar runduna, shine kuma mutanen Ingila suke ce ma Harold. Sarakuna da yawa sun amsa sunan, shi yasa ake bambanta su da laƙabi, kamar dai yadda in ka ce Bawa a tarihin Gobir sai ka ƙara da Jan Gwarzo kafin a gane wa kake nufi.

Na abokinka shine Harald ɗan Gorm, sarkin Denmak, ya yi mulki daga wajen 958 zuwa 986, laƙabinsa Blåtand, da Turanci Bluetooth, wato mai shuɗin haƙori, ana kyautata zaton wani haƙorinsa ne ya mutu ya yi duhu. A cikin tsofaffin nan shine wanda na fi yarda da labarinsa, saboda ya bar shaida da kansa. A wani gari da ake kira Jelling ya sa an kafa ƙaton dutse wajen 965, an sassaƙa rubutu a jiki cewa ya kafa shi don tunawa da mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra, kuma shine Harald ɗin da ya mallaki Denmak gaba ɗaya da Norwe, ya mayar da mutanen Denmak Kiristoci. Dutsen na nan har yau a cikin gilashi a kusa da coci, kuma zanen da ke jikinsa yana cikin fasfo ɗin ƙasar. Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba, ɗansa na cikinsa Sven ne ya yi masa tawaye ya raba shi da sarauta.

To ya akayi ya shigo waya? A wajen 1997 kamfanoni irin su Ericsson da Intel da Nokia suna ƙoƙarin haɗa kai akan hanya ɗaya da waya da kwamfuta zasu riƙa magana da juna ba tare da igiya ba, sai wani injiniyan Intel mai suna Jim Kardach ya kawo sunan, yace kamar yadda sarkin ya haɗe kan mutanen Denmak haka fasahar zata haɗe na'urori. Da farko sunan wucin gadi ne kafin a samo na dindindin, ba'a samu wanda ya zauna ba sai aka barshi. Ka duba alamar a saman wayarka, haruffa biyu ne na tsohon rubutunsu aka ɗora ɗaya kan ɗaya, H da B, farkon sunansa da laƙabinsa.

Akwai wanda ya riga shi a Norwe, Harald mai kyan gashi, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin farko da ya haɗe ƙasar. Ance ya rantse ba zai yi aski ko ya taje kai ba sai ya mallaki Norwe duka, saboda wata budurwa da tace ba zata auri ƙaramin sarki ba. Amma sai bayan ɗaruruwan shekaru aka rubuta wannan labarin a Iceland, masana tarihi suna da ja akan da yawa daga ciki.

Wanda rayuwarsa ta fi ɗaukar hankalina shine Harald Hardrada, wato mai tsananin mulki. Yana ɗan shekara 15 ya shiga yaƙin Stiklestad a 1030 tare da yayansa Sarki Olaf, aka kashe yayan shi kuma ya tsira da rauni, ya gudu gabas wajen Yaroslav sarkin Kiev, daga can ya wuce birnin da yanzu ake kira Istanbul ya shiga cikin dogaran sarkin Rumawa, ya yi musu yaƙi har a tsibirin Sisili wanda a lokacin yake hannun Larabawa Musulmi, ya tara dukiya mai yawa, ya dawo ya auri 'yar Yaroslav sannan ya samu sarautar Norwe a 1046. Bayan shekara 20 sai ya tasamma Ingila da jiragen ruwa wajen 300 yana neman gadon sarautarta. Wanda ya tare shi takwaransa ne, Harold Godwinson sarkin Ingila, suka gwabza ranar 25 ga Satumba 1066 a Stamford Bridge. Masoya Chelsea ku lura, wannan wani ƙauye ne kusa da birnin York a arewacin Ingila, ba filin ku na Landan bane. A nan aka kashe Hardrada, tsofaffin labarai sun ce kibiya ce ta same shi a maƙogwaro, kuma jirage 24 kacal suka ishi sauran mutanensa komawa gida. Shi ma Harold ɗin bai yi sati uku ba ya mutu a yaƙin Hastings ranar 14 ga Oktoba.

Naka kuma shine Harald na biyar, an haife shi 21 ga Fabrairu 1937, ya hau gadon sarauta a Janairun 1991 bayan rasuwar mahaifinsa Olav na biyar. Yana ɗan shekara uku Jamus ta mamaye Norwe, mahaifiyarsa ta fice dashi da yayyensa mata zuwa Amurka, sai 1945 suka dawo. Ya wakilci ƙasarsa a tseren jirgin ruwa a gasar Olamfik ta 1964 da 1968 da 1972. Abinda ke burge ni dashi batun aurensa ne, shekara tara yana neman Sonja Haraldsen 'yar wani mai sayar da tufafi, ana ta jan ƙafa saboda ba jinin sarauta bace, har ya faɗa wa mahaifinsa in ba ita ba to ba zai yi aure ba, kuma shi kaɗai ne magaji. Akayi auren a 1968.

Kar kuma ka ɗauka sunan ya faɗo masa ne haka kawai. Da Norwe ta rabu da Suwidin a 1905 bata da gidan sarauta nata, sai ta ɗauko wani yariman Denmak mai suna Carl, mutane suka amince dashi ta ƙuri'ar raba gardama. Shi kuma ya ajiye sunansa ya ɗauki Haakon, sunan tsofaffin sarakunan Norwe, ya canza wa ɗansa Alexander suna zuwa Olav, da jika ya zo aka sa masa Harald, duk don mutanen ƙasar su ji cewa gidan nasu ne. Shi ma Harald ɗin da ya haifi namiji a 1973 sunan kakansa ya mayar, Haakon.