Ina so in bar koyarwa in riƙe sana'ar kayan gara a gida, me zan shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kano, shekarata shida ina koyarwa. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma tun da aka cire tallafin mai kusan rabinsa a adaidaita sahu yake ƙarewa. Na iya alkaki da dubulan da nakiya da cincin, tun bara nake yi wa dangi da maƙwabta idan biki ya taso. Yanzu ina so in ajiye aiki in zauna a gida in riƙe wannan sana'ar, maigidana ma ya amince. Abin da ke damuna shi ne, aiki yana zuwa, ina shan wahala, amma ban taɓa ganin kuɗin sun taru ba. Me ya kamata in shirya kafin in bar aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Allah ya sa albarka a niyyarki. Kafin maganar barin aiki, bari mu tsaya a kan abin da kika rufe da shi, domin a nan gizo ke saƙa: aiki yana zuwa, kuɗi ba sa taruwa. Idan kika ajiye alli ba ki gano dalilin haka ba, wahalar ce kawai za ta ƙaru, ga shi babu albashin da ke rufa miki asiri a ƙarshen wata.

Na zauna da mata da yawa masu sana'a a cikin gida, masu ɗinki da masu turaren wuta da masu kayan fulawa, kuma ciwon kusan iri ɗaya ne. Gidan ne yake cinye sana'ar a hankali, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Kin sayo jarkar mai don dubulan, da yamma man miya ya ƙare, aka ɗiba. Sukarin alkaki ya shiga shayin yara. An yi baƙi, kunya ta sa aka cika musu faranti daga cincin ɗin da aka soya wa mai biki. Kuɗin aikin da aka turo sun faɗa asusun da albashi ke shiga, aka sayi data, aka yi gudummawar suna, aka sallami mai ruwa. Babu almubazzaranci a ciki ko ɗaya. Amma ranar da za ki sake sayen fulawa sai ki ga kuɗin sun gaza, ki cika da albashi, ki ce kaya ne suka yi tsada. Sun yi tsadar, sai dai rabin jarin a gida ya narke.

Don haka shirin farko shi ne raba tukunya. Ki buɗe asusu na daban wanda kuɗin sana'a kaɗai za su riƙa shiga, ko a banki ko irin su OPay da Moniepoint. Ki ware kwaba ko durowa mai makulli ta kayan aiki. Ki sayi littafi mai layi, irin na ɗalibanki, ki riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a ranar da abin ya faru, ba sai kin tuna ba. In larura ta sa kin ɗebi mai ko sukari don gida, babu laifi, amma ki rubuta shi bashi a kan gidan. Sannan ki yanka wa kanki albashi daga sana'ar, ko kaɗan ne, ki ɗauka sau ɗaya a wata. Abin da ya rage uwar kuɗi ce, ba a taɓa ta.

Kin ce maigida ya amince, madalla. Amma ku zauna ku fayyace da me ya amince. Da ƙaurin suya har dare? Da amfani da gas ɗin gida, ko za ki sayi tukunyarki? A shari'a abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, ciyarwa kuma tana wuyan miji. Taimakon da za ki yi alheri ne, kuma na san a wannan zamani gidaje da yawa da hannu biyu suke tsaye. Shawarata ita ce taimakon ya fito daga albashin da kika yanka wa kanki, ya zama sananne. Na ga inda rashin yin wannan zancen tun farko ya sa cefane ya koma kan matar gaba ɗaya, jari ya karye, zaman ma ya yi tsami.

Sai farashi, inda nake zargin ragowar kuɗinki suke zubewa. Mu ɗauka, a misali, kayan haɗin bokitin dubulan sun ci naira 20,000. Yawancinmu sai mu ce 25,000, mu yi murna an ci ribar dubu biyar. To ina kuɗin gas ko gawayi? Ina bokitin kansa da leda? Ina kuɗin adaidaita zuwa kasuwar Singer da dawowa da buhu? Ina ladan yarinyar da ta taya ki murzawa? Sannan ke fa, da kika wuni a bakin kasko? Ga hanya mai sauƙi, tunda ke malama ce: ki raba albashinki da kwanakin da kike zuwa makaranta a wata, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin ladan wuninki. Ki ɗora shi a kan kowane aikin wuni guda, sannan ki sa riba. Idan farashin ya fito sama da na maƙwabciya, kada ki firgita ki rage. Wataƙila ita ma ba ta lissafa ba. Alkakin da ya sha zuma ko sukari yadda ya kamata, ya yi makonni bai canza ba, yana da masu nemansa, kuma uwar amarya ta fi kowa tsoron jin kunya a gidan surukai.

Tun daga Mayun 2023 da aka cire tallafin nan, farashin fulawa da sukari da mai ya daina zama wuri ɗaya, don haka kada ki yanke kuɗin aikin da bikinsa sai bayan wata uku sannan ki jira. Ki karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kayan haɗi gaba ɗaya, ki saya a makon, cikon kuma ya shigo kafin kaya su bar gidan. Na san da wuya a faɗa wa gwaggo ko ƙawa haka. Amma bashin biki mugun bashi ne, da an watse an shiga wata hidimar, ke kuma kunya ta hana ki tambaya. In kina son yi wa 'yar'uwa alheri, ki faɗa mata farashin gaskiya, sannan ki ce kin rage mata kaza a matsayin gudummawarki. Ta san an yi mata, ke ma kin san abin da kika bayar. Kuma duk wanda ya ce ya turo, ki duba asusunki da idonki. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, masu tura na bogi sun yi yawa.

Yaushe za ki bar aikin? Ba yanzu ba. Kayan gara sana'ar lokaci ce. Bukukuwa sukan yi cunkoso gabanin azumi da bayan salla da hutun ƙarshen shekara, sannan a yi makonni shiru. Mai albashi ba ta jin wannan shirun, wadda ta dogara da sana'ar ita ke jin sa. Ki yi amfani da dogon hutun makaranta ki gwada kanki kamar kin riga kin bari, da littafinki a hannu. Ki nemo kuma ƙaramin abin da zai riƙa tafiya kullum ko babu biki, kamar cincin a ƙananan leda da za a ajiye a shagunan unguwa. Idan kika jera wata uku, har da watan da babu biki, sana'ar tana biyan ki abin da ya kai albashinki bayan an cire kuɗin mota, kuma kin ajiye abin da zai riƙe ki wata uku ko ciniki ya tsaya, to lokaci ya yi. Ki ba makaranta sanarwa da wuri, ki tafi a ƙarshen zango cikin mutunci. Malaman nan da iyayen yara su ne kasuwarki ta farko.

Batun jari ba zan tsawaita ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kaskonki na yanzu da adashi sun isa farawa. Ki nisanci manhajojin ba da rance a waya, ga ruwa mai nauyi ga tozarci idan aka makara.

Ta fuskar hukuma, muddin kina yi wa masu biki ne kai tsaye, abin da ya fi muhimmanci shi ne tsafta. Ranar da kika fara ɗaure kaya da suna a jiki kina kai wa manyan kantuna, za a nemi lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, jami'anta kuma sukan zo su duba wurin da ake aikin, don haka tun yanzu ki fara tunanin ɗaki na musamman da ba madafar gida ba. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ana yin ta ta intanet, kuma da ita za ki buɗe asusu da sunan sana'ar, abin da ke kwantar da hankalin wadda za ta turo kuɗi daga Abuja ko Kaduna ba ta taɓa ganin ki ba.

Akwai abin da zai ba ki mamaki idan kin zauna: mutane za su ɗauka ba ki da aiki. "Ai tana gida," sai a kawo miki ajiyar yara, a zo hira da hantsi, a sa ki rakiyar asibiti. Iyayenmu sun daɗe suna sana'a daga cikin ɗaki, ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, amma su ba a ba su ranar ɗaurin aure a ce kaya su isa kafin azahar. Ki tsayar da ranakun suya, ki sanar da dangi cikin ladabi, ki riƙe su yadda kike riƙe lokacin shiga aji. Ranar suya a samu mai kula da ƙananan yara nesa da kasko, tafasasshen mai ba ya ba da dama ta biyu. Baƙon da kika sani ta WhatsApp kawai ya karɓi kayansa a ƙofar gida ko ta hannun ɗan aike. Kuma ina roƙon ki, a matsayinki na malama, kada ciniki ya sa a ɗora wa yarinya tire lokacin makaranta.

A wannan makon ki sayi littafin, ki zauna ki lissafa aikin ƙarshe da kika yi tun daga fulawa har ledar ɗauri, da ladan wuninki a ciki. Idan kin yi wata uku kina rubutawa, ki sake aiko mana da abin da ya fito, mu duba tare ko lokacin miƙa takardar ajiye aiki ya yi.